Halin Mai Bi a Shekarar Ƙarancin Mai

Wata rana da maraice, bayan mun tashi daga ajin masu shirin baftisma a nan Kakau, wata mata mai sana'ar ƙuli-ƙuli ta dakata har sauran suka watse. Ta gaishe ni, kana ta ce, "Malam, ina da tambaya, amma kada ka yi mini dariya. Shekarar da gyaɗa ba ta yi ba, ko Allah ya kan sassauta wa masu mai doka kaɗan?" Na ce, "Mama, wace doka?" Ta ce, "Ai ka sani." Na kuwa sani. Ban yi dariya ba, gama tambaya ce ta mai tsoron Allah wadda ta ke da bakuna shida a gida. Amsar da na ba ta a tsaye ba ta ishe ta ba, ni ma ba ta ishe ni ba. Domin wannan na zauna na rubuta 'yar takardan nan, dominta, da kai kuma, ya ɗan'uwa mai karatu, wanda ka soma bin Ubangiji Yesu kwanan nan, ko kuwa kana tsaye a bakin ƙofa tukuna kana dubawa.

ITACEN DA MU KE KARANTAWA BA MU GANI

Mutanen Littafi Mai Tsarki ba su san gyaɗa ba. Nasu man daga itacen zaitun ya ke fitowa. Ganyensa ne kurciyar Nuhu ta komo da shi. Da mansa a ke shafe sarakuna da firistoci. Shi ne Basamariyen nan ya zuba a raunukan mutumin da mafasa suka bari a hanya. Maƙwabtanmu Musulmi su ma sun san sunansa, gama yana cikin Alƙur'ani. Mu dai a nan ba mu ganinsa sai cikin ƙananan kwalabe a shagon magani. Waɗansu suna tsammani atili ne, wanda a ke kawo mana daga ƙasar Jos da kudancin Kaduna. Sun yi kama a ido, ana kuwa samun mai daga dukansu biyu, amma ba dangi ɗaya ba ne. (Ka lura kuma, kwalban nan ba laya ba ce. Yaƙub ya ce dattawa su shafe marar lafiya da mai su yi addu'a. Bai sa iko cikin man ba.)

Zaitun itace ne mai jinkiri. Wanda ya dasa shi ya kan jira shekaru kafin ya ɗanɗani amfaninsa, amma in ya kahu ya kan ci jikoki da tattaɓa kunne, har shekaru ɗaruruwa. A ƙasarsu ruwa da hunturu ya ke sauka, watannin zafi kuwa babu ko yayyafi. Itacen ya kan yi fure wajen Afrilu da Mayu. Idan iska mai zafi ta buge shi a kwanakin nan, sai furen ya zube, shekara ta tafi ke nan tun ba a kai kaka ba. Yana da wata ɗabi'a kuma irin ta kaɗanya: in ya yi 'ya'ya da yawa bana, baɗi sai ya huta.

Wajen Oktoba da Nuwamba a ke girbinsa a ƙasar Falasɗinu. A kan shimfiɗa tufa a gindin itacen, a kakkaɓe rassan da doguwar gora, mata da yara suna tsincewa. Ba a barinsa ya daɗe a tsibi, gama in ya yi kwanaki sai ya yi zafi, man ya yi tsami. A zamanin dā su kan zuba shi a babban dutse mai kwarmi, jaki ko mutum ya juya wani dutsen a kansa har ya daddage. Sa'an nan a ɗura dagen cikin kwanduna masu faɗi kamar faifai, a jera su wani bisa wani, a danne da gungume wanda aka rataya wa duwatsu. Abin da ke tsiyayowa mai ne gauraye da ruwa mai ɗaci. A bar shi ya kwanta, mai ya taso bisa, a yaɗe. Sai an matse kimanin kilo 5 na 'ya'yan kafin a sami lita 1. Irin wannan wuri ne a ke kira Getsamani, watau wurin matsar mai; can ne Ubangijinmu ya yi addu'a daren da aka bashe shi.

Man nan shi ne abincinsu, shi ne fitilarsu, shi ne maganinsu, da shi su ke biyan bashi. Shekarar da zaitun ya ƙi, tuwo ba maiƙo, ɗaki ba haske, mai bin bashi kuwa yana ƙofa.

RABON DA BA NAKA BA NE

Ga waɗannan mutane ne Allah ya ba da wata doka ta bakin Musa. Tana cikin Kubawar Shari'a 24:20. Mai zaitun ya kakkaɓe itacensa sau ɗaya ya haƙura. Abin da ya saura a kan rassa ya fita hannunsa, ya zama na baƙo da maraya da gwauruwa. Aka kuma gaya musu dalili: su ma dā bayi ne a Masar, sun san yadda hannu wofi ya ke.

Ka karanta surar daga farko har ƙarshe, ka nemi wurin da aka ce dokan nan ta shekarar albarka ce kaɗai. Ba za ka samu ba. Allah kuwa ya san zaitun ya kan huta. Shi ya yi shi haka. A shekarar da rassa ke rinjaya don nauyi, barin kala ba wuya, mai gona ma ya gaji da ɗauka. Amma a shekarar da kwando uku kaɗai ya samu maimakon goma, ya ɗaga kai ya ga 'yan ƙwayoyi biyu ko uku can ƙwanƙoli, irin waɗanda annabi Ishaya ya yi misali da su, gorarsa kuwa tana hannunsa, a nan ne doka ta ke da nauyi. A nan ne kuma gwauruwa ta fi bukatarta, gama ƙarancin da ya rage wa mai gona, ita ya hana ta ɗungum.

Mu ba mu da zaitun, amma muna da kala. Tun kafin bishara ta iso ƙasan nan, kakanninmu, Hausawa da Gbagyi duka, sun san bayan roron gyaɗa a kan bar tsofaffi da yara su shiga da 'yar fartanya su tono abin da ya maƙale a ƙasa. Wannan kyakkyawar al'ada ce, bangaskiyarmu ba ta zo ta rushe ta ba. Abin kunya ne fa mutum ya yi baftisma ya komo ya fi kakansa rowa.

Mun kuwa san shekarun ƙaranci. Jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911 ta hanyan nan da ta ratsa Kakau. Turawa auduga su ke so, manoma kuwa suka ga gyaɗa ta fi riba, har buhuna suka zama dala a Kano, ƙasarmu ta shiga sahun gaba cikin masu sayar wa duniya gyaɗa. Sai fari ya zo a 1972 da 1973. Ba a gama farfaɗowa ba, a 1975 cutar nan da ƙananan ƙwari masu shan ruwan ganye ke yaɗawa, mai sa ganyen ya ƙanƙance ya yi rawaya kamar kuturta, ta cinye gyaɗar kimanin hekta 700,000 a Arewa. Daga nan dalar ba ta sāke tashi kamar dā ba. Masana na Samaru sun fito da iri masu jure cutar, muna gode wa Allah dominsu; ka neme su in za ka shuka. Amma ɗaukewar ruwa a lokacin da gyaɗa ke cika ƙwaya ya kan rage amfanin gona. Ka tambayi tsofaffi labarin shekarun nan. Na lura da wani abu: sun manta buhu nawa suka samu, amma ba su manta wanda ya kore su daga gonarsa ba, ba su kuma manta wanda ya kau da kai ya bar su suka yi kala ba.

Saboda haka, in ka gama roro ka kwashe harawarka, ka fita. Kada ka komo da fartanya karo na biyu da na uku. Kada ka tsaya a kan kunya kana ƙirga abin da ke cikin ƙwaryar tsohuwa. Kada kuma ka tambaye ta addininta ko yarenta. Doka baƙo ta fara ambata. Ke kuma mai kala, ki jira mai gona ya gama. Shiga kafin ya fita ba kala ba ne, sata ce.

ABIN DA KE CIKIN KWALBA

Yanzu fa mu komo ga tambayar Mama, gama ba kala ta ke nufi ba.

Kowa ya ga yadda a ke yin man gyaɗa, amma ba kowa ya san wahalarsa ba. A ɓare, a tsince, a soya, a murje, a sheƙe, a kai inji ko a daka. Sa'an nan a zuba a turmi ana tuƙawa da taɓarya, ana yayyafa ruwan zafi kaɗan kaɗan, har kafaɗa ta yi tsami, kafin mai ya soma kwanciya a bisa. A matse tunkuza, a mulmula, a soya ƙuli-ƙuli. Kusan rabin nauyin ƙwaya mai kyau mai ne, ko da shi ke hannu ba ya fitar da shi duka. Amma gyaɗar da ruwa ya ɗauke mata ƙanana ce, motsattsiya. Mudun ya yi tsada, man da ke cikinsa kuwa ya ragu. Mai sana'a ta biya ƙari ta sami ragi. Sai Shaiɗan ya zo, ba da ƙaho ba, da lissafi: ludayi biyu na man kanti mai araha cikin kowace kwalba, ƙanshin gyaɗa zai rufe shi, wa zai sani? A bar wuyan kwalba da ɗan sarari. A bubbuga gindin gwangwani ya shiga ciki kaɗan. Mutanen kasuwa suna da suna ga wannan, suna ce da shi algus.

Kada ka ce halin matalauta ne ko na ƙasarmu kaɗai. Ƙasar Sifen ta fi kowace ƙasa yin man zaitun. A kakar 2021 zuwa 2022 ta sami kusan tan miliyan 1.5. Sai zafi ya bugi furen, fari ya biyo baya, kaka ta gaba ba ta kai ko tan 700,000 ba. Kuɗin mai ya ninka har ya wuce. Kafin 2023 ta ƙare, 'yan sandan Sifen da na Italiya suka kama mutum 11 tare da fiye da lita 260,000 na gurɓataccen mai. Sun riƙa gauraya mai kyau da wani ƙasƙantacce wanda ba a yarda a ci ba sai an tace shi, irin wanda dā fitila a ke zuba wa. Masu manyan injuna ne da motoci, amma lissafinsu ɗaya ne da na ludayi biyun nan.

Za ka ce, to, an cuci aljihu ne kawai. Ba kullum ba. A Sifen ɗin nan dai, a 1981, waɗansu 'yan kasuwa suka ɗauki man da aka sa wa sinadari domin aikin masana'anta, suka tace shi, aka riƙa tallarsa unguwa unguwa cikin jarkoki marasa suna, a kan man ci ne mai araha. Talakawa ne suka saya. Kimanin mutum 20,000 suka kamu da ciwo, fiye da 300 suka mutu tun a farkon annobar, waɗansu kuwa suka nakasa har ƙarshen ransu. Masu tallar da yawa ba su yi nufin kisa ba. Riba kaɗai su ke nema.

Akwai irin wannan haɗari a turminmu, ina kuwa roƙon 'yan'uwa mata su saurara da kyau. Gyaɗar da ta sha fari a ƙarshen damina, ko wadda aka tara ba ta bushe sarai ba, ta kan kama fumfuna. Fumfunan nan yana haifar da wani dafi wanda masana ke kira aflatoksin. An gane shi bayan 1960, shekarar da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila don cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Dafin yana cin hanta a hankali, yana kawo sankarar hanta, yana tare da tsumburewar yara. Suya ba ta kashe shi duka. Mafi yawansa kuma ba ya bin mai, cikin tunkuza ya ke zama, watau cikin ƙuli-ƙuli, abin da yaro ke saya a ƙofar makaranta ya jiƙa da gari. Shekarar ƙaranci ce shekarar da ruɓaɓɓun ƙwayoyi suka fi yawa, ita ce kuma shekarar da zubar da su ya fi ciwo.

Ina da shekara kamar goma aka kai ni hannun gwaggona a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Mai ta ke yi. Shekaran nan ruwa ya ɗauke da wuri. Ta zauna a tabarma tun hantsi tana tsince gyaɗa ɗaya ɗaya, mai kyau a tasa, baƙa da motsattsiya a kasko, sai na ga kaskon yana neman ya kamo tasar. Da ta shiga ɗaki na kwashi rabin na kasko na maida cikin tasa na gauraya, ina tsammani taimakonta na yi. Ta fito ta duba kasko, ta dube ni. Ba ta buge ni ba. Ta ɗauko ƙwaya guda baƙa ta miƙo mini ta ce, "Ci." Na ce, "Gwaggo, ai da ɗaci." Ta ce, "To, ɗan wa za ka ba?" Muka sāke tsincewa daga fari har rana ta fāɗi.

Ina so in gaya maka Allah ya ninka mata riba a shekaran nan, amma ba haka aka yi ba, ni kuwa ba zan yi algus cikin wa'azi ba. Ta ƙara kuɗin kwalba, masu saye da yawa suka koma wurin wata mai araha. Kafin damina ta sayar da akuyarta.

"TO, ME 'YA'YANA ZA SU CI?"

Wannan ita ce ainihin tambayar, ba kuwa ƙarama ba ce. Waɗansu masu wa'azi su kan yi saurin kawo labarin gwauruwar Zarefat, wadda tulun manta bai ƙare ba dukan kwanakin fari a zamanin Iliya. Labarin gaskiya ne, Allah kuma bai sāke ba. Amma Ubangiji da bakinsa ya tuna wa mutanen Nazarat, cikin Luka 4, cewa gwauraye suna da yawa a Isra'ila a kwanakin nan, ga ɗaya kaɗai aka aiki annabin. Wanda ya ce maka gaskiya jari ce mai komowa da riba kafin ƙarshen wata, ya yi maka alkawarin da Allah bai yi ba. Annabi Habakkuk ya hango zaitun ya ƙi, gonaki wofi, garke babu dabba, ya ƙudura zai yi murna da Allahnsa duk da haka. Bai ce don zaitun zai sāke yi baɗi ba.

Amsa fa ita ce, a'a, Mama, doka ba ta sassautawa. Littafin Firistoci 19 ya bukaci ma'auni na gaskiya ba tare da ya keɓe wata shekara ba, Amos kuwa ya tsauta wa masu rage mudu su ƙara kuɗi, masu sayar da har ɓuntun alkama ga matalauta. Amma doka ba ta hana ki ƙara kuɗi a fili ba. In gyaɗa ta yi tsada, ki faɗi tsadarta. In masu saye ba su iya sayen kwalba, ki auna musu rabi ki kira shi rabi. In kin ga lalle sai kin gauraya da man kanti mai kyau domin marasa ƙarfi su samu, ki gauraya, ki ajiye shi dabam, ki ce da kowane mai saye, "Wannan haɗi ne, wannan kuwa zalla." Haɗin ba shi ne zunubi ba, shirun ne zunubi. Ruɓaɓɓiyar gyaɗa kaɗai ce ba ta da hanya. Kada a sayar, kada a ba da ita sadaka, kada ma a ba saniyar tatsa, gama dafin yana fitowa cikin nono. A binne ta ko a ƙone.

Sauran amsar kuwa ba a wuyan mai sana'a ta ke ba, a wuyanmu ta ke. Sa'an da aka yi yunwa a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa gwargwadon ƙarfin kowa suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya. Ba daidai ba ne ekklisiya ta ce wa 'yar'uwa ta zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na jarinta domin sunan Kristi, sa'an nan mu wuce ƙofarta mu tafi Sabon Tasha ko Kakuri neman mai araha. Mu saya a wurinta, a kuɗin da ta faɗa, ba tare da dogon tayi ba. Dattawa su duba hatsin godiyar kaka tun ba a sayar ba, su san gidajen da zai shiga. Zumuntar mata ta sa ta gaba a ɗaukar adashi. Da akwai wanda ya yi wa gwaggona haka, da akuyarta ta ga damina.

Watakila kana karanta wannan zuciyarka tana ƙuna, domin ka riga ka yi. Ka sayar da haɗi a kan zalla, ko ka kori tsohuwa daga gonarka bara. Akwai gafara, gama jinin Yesu ya isa. Amma ka tuna da Zakka mai karɓan haraji: ran da Ubangiji ya shiga gidansa, ran nan ya tashi ya yi maganar mayarwa. Masu sayen kasuwa da suka wuce ba za ka same su ba. Ka ƙiyasta abin da ka ci nasu ka kai wa mabukaci. Amma maƙwabciyarka mai tuyar ƙosai wadda ke saye wurinka kowane mako, ka san ƙofarta. Ka cika kwalba guda ta zalla har wuya, ka kai mata, ka gaya mata dalili. Tsohuwar kuma ka auna mata mudu biyu. Mai yiwuwa za a zage ka, mai yiwuwa labari ya kai kasuwa kafin ka komo gida. In ƙafarka ta yi nauyi, ka biyo ta wurina da la'asar bayan aji, ko wurin ɗaya daga cikin dattawa, mu ɗauki kwalbar mu tafi tare.